Neman shawara: ma'aunin ɗaga bakin igwa da na haɗa yana nuna baibai

Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka. Ina koyar da tarihi a sakandare, mun zo kan yaƙe-yaƙen Turai na da, sai na ga hoton abin da masu harba igwa ta albarushi suke auna ɗaga bakinta da shi, kamar sikwayar kafinta mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere da baka a tsakani da zare mai dalma yana reto. Na sa an yanko min da filawud, bututun roba ne igwar tamu, amma idan bututun yana kwance sai zaren ya nuna 90, ina ɗaga shi lambar tana raguwa. Yara har sun fara min dariya wallahi. Ina na kuskure?

Amsa ta 1: Malam ai daga baya ka fara lambar. Dogon hannun ne yake shiga cikin bakin igwa, gajeren ya kalli ƙasa. In tana kwance zaren yana bin gajeren hannu, to nan ne sifili. Goge ka sake rubutawa kawai, ba sai ka koma gun kafinta ba.

Amsa ta 2: Haka ne. Kuma in na asali kake so ba da digiri ake raba shi ba. Niccolo Tartaglia, masanin lissafi ɗan Italiya da ya bayyana shi a 1537, gida 12 ya raba bakan, kowane gida kuma kashi 12, kenan gida ɗaya digiri 7.5 ne. Gida na 6 shi ne digiri 45, inda ya ce harsashi ya fi nisa. A zahiri iska tana rage gudun harsashi, shi ya sa nisan ya fi samuwa ƙasa da 45 kaɗan, amma wannan ka bar wa malamin fiziks.

Amsa ta 3: Kar ka ɗora shi a bayan bututun yallaɓai. Naka dai kaurinsa ɗaya ne ba za ka ga matsala ba, amma igwar gaske ta fi kauri a gindi inda albarushi yake tashi, in ka auna ta sama ƙarya za ta maka, dole sai ta cikin rami. Wato mutum ya je ya tsaya gaban bakin igwa abokan gaba na kallonsa yana jiran zare ya daina reto, tab!

Amsa ta 4: Ni dai roƙona kar wani ya kawo maganar gwaji da albarushi ko nakiyar wasa, bututun roba tarwatsewa yake. Zura tiyon ruwa a ciki, ka ɗaga gida 3, 6, 9 yara su sa dutse inda ruwan ya sauka, na 3 da na 9 kusan waje ɗaya za su faɗi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, na juya lambar ta daidaita. Tiyon sai Litinin in an kawo wuta mun tada famfo.