Na rantse na bar ƙwallo, yanzu kuma raina yana so, in koma ko in haƙura?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni mutumin wani ƙauye ne ta wajen Auyo, noman rani nake yi, shinkafa da ɗan albasa. Shekara bakwai ni ne golan ƙungiyar garinmu. To da mahaifinmu ya rasu nauyin gida ya dawo kaina, ga ƙanne huɗu ga Inna ga ni da sabon aure, sai ran nan a teburin mai shayi gaban mutane sun fi goma na ce wallahi ni da ƙwallo har abada, wasa na yara ne, na cire safar hannuna na ba wani yaro. Burina lokacin in sayi injin ban ruwa nawa na kaina in huta da haya.

Alhamdulillah na sayi injin, har na ƙara da tiyo. Amma shekara biyu kenan daga asuba ina fadama sai magariba, da daddare in ɗau mashin in yi acaɓa zuwa bakin titi saboda tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur ɗin injin kaɗai ya isa ya hana mutum barci. Na zama mai saurin fushi, abu kaɗan in hau ƙannena da faɗa, maiɗakina ma ta ce rabon da ta ji dariyata har ta manta.

Shekaranjiya ina dawowa da yamma ta bayan firamare yara suna tirenin, ƙwallo ta taso ta nufo ni, ban san lokacin da na yar da fartanya na cafe ta da hannu biyu ba. Wlh sai da na ji ƙwalla ta taru min. Na tsaya riƙe da ita, ƙurar jikinta a rigata, suna ta ihu Yaya jefo Yaya jefo.

Ina son komawa ko da sau biyu ne a sati. Abin da ke tsaye min a rai, na rantse, kuma garinmu ƙarami ne, za a ce wane mai magana biyu ne. Ya zan yi?

Abu Safwan, Ringim:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa maganar rantsuwa tana da mafita, addini bai ƙuntata maka ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi rantsuwa a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, to ya yi wanda ya fi alherin ya yi kaffarar rantsuwarsa. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 89, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Kai manomin shinkafa ne, ciyar da mutum goma ba zai gagare ka ba in sha Allah, ka samu limaminku ya faɗa maka ma'aunin.

Sannan ka tuna Salmanul Farisi da ya tarar da Abud Darda ya hana kansa abinci da barci saboda ibada, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, kuma Annabi ya gaskata shi. To ibada ma kenan fa, balle neman kuɗin fetur.

Mai Tumatir na Kura:
Ni dai zan ɗan saɓa. Ƙanena ka yi hattara, na ga da yawa da sau biyu a sati suka fara, daga nan sai gasar kofi a wani gari, sai gidan kallon ƙwallo har sha ɗayan dare, wasu har caca ta shigo. Gona ba ta san uzuri ba, ranar ban ruwa in ta wuce ta wuce, shinkafa in ta sha ƙishi lokacin da take ɗaukar ciki ka yi asara an gama. Kuma magana zarar bunu ce. Ban ce kar ka koma ba amma marayun nan su ne farko.

Maman Ilham:
Yaya Mai Tumatir gaskiya ka faɗa amma bari in faɗi ta ɓangarenmu mu mata, don mu ke zaune da irin mazan nan a gida. Namiji in ya hana kansa duk wani abin da zai sa shi nishaɗi ba shi kaɗai yake shan wahalar ba, gidan gaba ɗaya ne ke ɗauka, yana sallama yara su nutsu kamar an ɗauke wutar nepa, ke kuma kina auna kowace kalma kafin ki furta. Maigidana ya taɓa barin majalisar dara da suke yi a gindin darbejiya bayan la'asar wai ɓata lokaci ne, wata huɗu muka yi muna ganin tashin hankali a kan gishiri ya yi yawa ko ruwan wanka bai yi zafi ba, ni da kaina na je na roƙi amininsa ya zo ya ja shi. Ranar da ya koma, da rake ya shigo mana yana ba mu labarin yadda ya cinye su.

Marayun da ake magana, ba shinkafa kaɗai suke buƙata a wajenka ba Malam, suna son yayan da za su iya zama kusa da shi. Matarka ta riga ta ba ka amsa ai tunda ta ce ta manta dariyarka.

Baba Na Gumel:
Yaro, ni na haura sittin, jikana ne yake rubuta min. Wa ya ce maka wasa na yara ne? Mu da muka taso, ana gama kaka an kai gero rumbu sai a kafa kokawa a dandali, magidanta masu 'ya'ya su ɗaura warki su shiga fili, makaɗa suna kiɗa, gari da gari. Su waɗannan mutanen su ne suka noma abin da ya ciyar da mu, ba wanda ya kira su ragwaye.

Mai magana biyu shi ne wanda ya karɓi kuɗinka ya ce bai karɓa ba, ko ya ba da 'yarsa ya dawo ya hana. Kai ba ka ci haƙƙin kowa ba, magana ka yi cikin zafin rashin uba. Ka koma teburin mai shayin nan dai inda ka faɗa, ka ce jama'a na sake shawara, da bakinka, kar su ji a wajen wani. Za su yi maka tsiya kwana biyu su bari.

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Yaya Mai Tumatir na riƙe maganarka, na tsara Talata da Juma'a ne kawai bayan la'asar, ranar ban ruwa kuma ko wasan ƙarshe ake ba ni zuwa, acaɓar daren ma zan rage. Na je wajen liman jiya, Inna ta auna shinkafar da kanta mun kai gida goma. Da daddare na faɗa a teburin mai shayi, an yi ta ihu, wani ya ce dama tun da na tafi ba wasan da ba a zura musu biyu ba. Yaron da na ba safar hannun ya kawo min ita da safen nan, ta yage a babban yatsa, maiɗakina tana ɗinke min yanzu haka.