Wane katrij ne zai dace da Technics SL-1200G?

MaiFaifai_Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kan katrij, wato kan da ke ɗauke da allura, kafin in zuba kuɗi. Na'urar kunna faifai ce, Technics SL-1200G, da hannunta na asali. Amfilifayar allurata tana karɓar katrij iri biyu, MM (mai motsin maganaɗisu) da MC (mai motsin naɗin waya), ƙarfinta 40 dB ko 60 dB, lodinta kuma, wato juriyar da katrij ke gani a ƙofarta, ohm 100, 470 ko 47,000. Katrij huɗu nake dubawa: Ortofon 2M Black, Ortofon Cadenza Black, Audio-Technica AT33PTG/II da Denon DL-103. Fayafayaina rabi sababbi ne, rabi tsofaffin bugun Legas na shekarun 1970. Shin mafi tsada shi ne mafi dacewa, ko akwai lissafin da ake yi?

Injiniya_Zariya:

Wa alaikumus salam Malam. Akwai lissafi, kuma daga hannun na'urar ake farawa. Sandar da allura ke manne a kai tana zaune ne a kan 'yar roba mai laushi, nauyin hannu da na katrij duk a kanta suke. Nauyi a kan roba kuwa dole yana da mitar da yake kaɗawa a kai. Ana so mitar ta faɗa tsakanin 8 da 12 Hz. In ta yi ƙasa da haka, lanƙwasar faifai da takun ƙafa a ɗaki za su riƙa girgiza allurar, ka ga bakin lasifika yana shiga yana fita alhali ba sautin da ke fitowa. In ta haura 15 ta fara kusantar sautin da kunne ke ji, sai ganga ta kumbura ta dagule.

Haɗa nauyin hannu da na katrij da na sukurori, ka ninka da lambar laushin robar da kamfani ke rubutawa, ka fitar da tushen murabba'i, ka raba 159 da abin da ya fito. Hannun SL-1200G da mazaunin katrij na asali, wato kan hannun da ake ɗaura katrij a jiki, ana ƙiyasta shi a kusan giram 12, sukurori kuma ka ba su giram 1.

Cadenza Black: giram 10.7, laushi 16. Jimla 23.7 sau 16, ya ba da kusan 8.2 Hz. Ya shiga.

2M Black: giram 7.2, laushi 22. Kusan 7.5 Hz. Yana aiki, amma a bakin gaɓa yake, kuma a faifan da ya lanƙwashe za ka gani.

Tarkon yana wajen na Japan. Ortofon suna auna laushi a 10 Hz, Audio-Technica da Denon kuma a 100 Hz, don haka sai ka ninka lambarsu da 1.5 zuwa 2 kafin ka saka a lissafi. AT33PTG/II giram 6.9 ne, an rubuta masa 10, ka ɗauke shi a matsayin 17, sai ya ba ka kusan 8.6 Hz. Wanda bai gyara lambar ba zai sami 11.3, ya je ya ƙara wa hannu nauyin da ba ya buƙata.

Hajiya_Sauti:

Lissafin Injiniya daidai ne, sai dai ni ta wajen amfilifaya zan duba maka. 2M Black na MM ne, yana fitar da 5 mV. A 40 dB, wato ninki ɗari, ka sami 500 mV, ya wadatar. Cadenza Black 0.33 mV kawai yake bayarwa, AT33 da DL-103 kuma 0.3 mV. Dole sai 60 dB, wato ninki dubu. To a nan ne za ka san ingancin amfilifayarka. Juya ta zuwa MC, ka ɗaga allura daga faifai, ka ƙara murya zuwa inda ka saba saurare, ka koma kujerarka. In kana jin "shhh" daga can, katrij mai tsada ba zai kashe shi ba. Maganinsa tiransifoma ta 1:10 da za ka jona a ƙofar MM. Tana ƙara 20 dB, kuma katrij zai ga lodin ohm 470, tunda 47,000 ake rabawa da ɗari.

Lodin MC ya kai aƙalla ninki goma na juriyar katrij. Cadenza ohm 5 ne, AT33 ohm 10, duka 100 ya ishe su. DL-103 ohm 40 ne, a 100 sautinsa kan dushe, ka sa shi a 470. Na MM kuma abin lura kafasitans ne, wato yawan cajin da waya da amfilifaya ke iya riƙewa: 2M Black yana son 150 zuwa 300 pF, kuma wayar hannu kaɗai ta cinye kusan 100. In ya wuce, siraran sautuka za su yi kaifi har su soki kunne.

Kar ka manta da wayar ƙasa. Ninki dubu yana ƙara gurnanin janareta da na inbata kamar yadda yake ƙara kiɗa, don haka ka nisantar da tiransifomar daga duk wata na'urar wuta.

Baba_Garmaho:

Ɗana, tsofaffin fayafayan nan naka su suka fi damuna. Bakin allurar 2M Black da Cadenza Black mai siffar da ake kira Shibata ne, na AT33 kuma MicroLine. Irin waɗannan suna taɓa bangon layin faifai daga sama zuwa ƙasa, har inda tsohuwar allura ba ta cinye ba, shi ya sa sukan farfaɗo da faifan da ya sha jiki, musamman waƙoƙin kusa da tsakiya. Amma duk dattin da ke gindin layi sai sun tono shi. Ba a wanke faifai ba, ƙas-ƙas ɗin zai fi na da. DL-103 bakinsa zagayayye ne, a shekarun 1960 aka fara yin sa don gidan rediyon NHK na Japan, yana da haƙuri da datti da kuskuren saiti. Sai dai sandarsa tana da tauri, yana son mazauni mai nauyi, kuma a giram 2.5 yake tafiya.

Shawarata mazauni biyu, tunda hannunka ana cire kansa: AT33PTG/II na kullum, DL-103 na fayafayan da suka jigata. Kuɗin biyun bai kai na Cadenza ɗaya ba. Ka tuna MC ba a canja masa allura a gida. Bayan awa dubu ko makamancin haka, ko ranar da hannun riga ya kama sandar, sai an aika da shi waje.

Wajen ɗaurawa, milimita 52 daga robar gindin mazauni zuwa bakin allura, da ma'aunin roba da ya zo a kwali. Nauyin allura ka auna da sikelin dijital a daidai tsayin faifai, kar ka dogara da lambobin jikin hannu: giram 2.0 ga AT33. Ka daidaita tsayin hannu ya kwanta sambal da faifai, sannan ka leƙa ta gaba da ɗan madubi ka tabbata allurar ba ta karkace gefe ba. Da hunturu ka goge ta da burushi daga baya zuwa gaba bayan kowane gefe, kuma ban da sifirit, yana iya narkar da gam ɗin da ya riƙe lu'ulu'un.

In akwai fayafayai masu juyi 78 a minti ɗaya a cikin tarin, kar ka kusance su da ko ɗaya daga cikin huɗun nan. Layinsu ya fi faɗi, suna buƙatar allurarsu daban mai kaurin kusan maikuron 65.

MaiFaifai_Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin Hajiya, daga kujera ba a jin komai sai na kai kunne jikin lasifika. AT33PTG/II zan fara ɗauka. Baba, mazauni mai giram nawa kake ganin zai dace da DL-103?