Me za mu kira "mall" da Hausa? Ni na tsaya a kan "rufaffiyar kasuwa"

Assalamu alaikum jama'a, musamman malamanmu masu fassarar labarai. Kowa da sunan da yake ba wannan gini: babban kanti, katafaren kanti, rukunin shaguna, kasuwar zamani. Ina ganin tarihin abin kansa zai raba mana gardama.

Wadda aka fi ɗauka a matsayin mafari ita ce Southdale, a garin Edina na jihar Minnesota a Amurka, 1956. Victor Gruen, ɗan asalin Austriya, shi ya zana ta. Shaguna a jere da filin ajiye motoci duk an san su kafin nan. Sabon abin shi ne rufi ɗaya a kan komai, har hanyar da masu sayayya ke bi, da na'urar ɗumama wuri da sanyaya shi, a jihar da sanyi ke hana mutum fita. Sunan da bai ambaci rufin nan ba ya bar ainihin abin a baya.

Mu duba Akron a jihar Ohio, garin kamfanonin taya irin su Goodyear da Firestone. A da, sayayya a tsakiyar gari ake yi, a manyan kantuna biyu, O'Neil's da Polsky's. Sai aka buɗe "mall" har uku: Summit a 1965, Chapel Hill a 1967, Rolling Acres a 1975. Masu mota suka koma can, Polsky's ya rufe a 1978. To idan Polsky's babban kanti ne, me za a kira Rolling Acres mai shaguna sama da 140? Kanti komai girmansa ɗan kasuwa ɗaya ne ke sayarwa a ciki. Wannan kuwa mai gini daban, 'yan haya daban. Kasuwa ce.

"Rukunin shaguna" ya fi dacewa da filazojin da ke bakin titi a Kano da Kaduna, inda kowane shago ke kallon waje. "Kasuwar zamani" kuma ita ce ta fi damuna, don zamanin ya riga ya juya mata baya a Amurka. An rufe cikin Rolling Acres a 2008, aka fara rushe ta a 2016, yanzu ma'ajiyar kayan Amazon ce a filin. Ita ma Chapel Hill an rufe ta a 2021. Mutanen Akron sun ragu daga kusan 290,000 a 1960 zuwa kusan 190,000 a 2020, ayyukan taya sun tafi, ciniki ya koma intanet. Summit ce ta rage tana ci.

Akwai kalmomi biyu da nake so mu ƙara. Manyan kantunan da ake kafawa a kusurwoyin ginin don su jawo jama'a, irin Sears da JCPenney, mu ce musu "turke", domin su ke riƙe da ƙananan shaguna. Biyu daga cikin turakun Rolling Acres sun fice, Target a 2006, Macy's a 2008, sauran suka watse. Mu ma mun san wannan: Shoprite ce turken Ado Bayero Mall da ke Zoo Road tun buɗe ta a 2014, kuma ta rufe reshenta na Kano a farkon 2024. Wadda ta mutu ginin yana tsaye kuwa, muna da kalmarmu tun kaka da kakanni: "kufan kasuwa".

Na san za a ce Kantin Kwari da Sabon Gari ma akwai rumfuna da rufi. Haka ne, amma rufin kowa nasa ne, kuma rana na dukanka a tsakanin layi da layi. Jam'in ma ba ya wahalar da baki: rufaffun kasuwanni. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassara daga Faransanci, me kuke cewa a rediyo? Ina son ji kafin mu tsayar da magana.