Mista Bin ne ya ɗaga Rowan Atkinson, ko shi ya binne shi?

Malamin Adabi: Salamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakana: Mista Bin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ayyukan ɗan wasan barkwancin Ingila Rowan Atkinson, amma shi ya cinye masa suna. Mai son sanin gwanintar mutumin nan ya nemi shirin barkwanci na Blackadder, wanda BBC ta nuna zango huɗu, a 1983, 1986, 1987 da 1989, kowane zango kashi shida. A can za ka ji abin da harshensa yake iyawa: baƙar magana, habaici, da zagin da aka naɗe cikin ladabi har wanda aka zaga ya yi godiya. Mista Bin kuwa murguɗa baki ne da zare ido. Yaro ɗan shekara biyar ma zai yi.

Mai Tace Hoto: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta maka, yaro ba zai yi ba. Ɗauki wasan jarrabawa da ke kashin farko, wanda tashar talabijin ta ITV ta nuna ran 1 ga Janairu 1990, ka warware shi kamar yadda bakanike yake warware inji. Da farko ya shigo da taƙama, ya jera alƙaluma da 'yar tsana da agogo a kan tebur, don mai kallo ya gane cewa shi a ganinsa ya shirya. Sai ya buɗe ambulan ya tarar da reshen lissafin da bai karanta ba. Daga nan sai satar amsa, kuma kowace dabara ta fi ta bayanta muni: leƙe, hure takardar maƙwabci, jan hankalinsa wani wajen. Ana saura minti biyu mai gadin jarrabawa ya ambata cewa takardu biyu ne a cikin ambulan ɗin, kuma ta biyun ita ce wadda ya karanta. Mataki huɗu ke nan, kowanne yana zaune a kan na ƙasansa. Cire jera alƙaluman nan na farko, faɗuwarsa ta ƙarshe ba za ta ba kowa dariya ba, don ba a ga daga inda ya faɗo ba. Kuma yawancinsa kyamara tana tsaye ne tana nuna mutum biyun tare. Babu yanka da yawa da zai ɓoye kuskure. Idan ya yi saurin ɗaga gira da daƙiƙa ɗaya, wasan ya mutu.

Malamin Adabi: Na ji. To wannan tsarin rubutu ne ka yaba, ba wasa ba. Richard Curtis da Robin Driscoll suna cikin marubutan.

Mai Tace Hoto: Ai Malam ka miƙo mini sanda da hannunka. Kalaman Blackadder da kake yabo daga zango na biyu zuwa na huɗu, Curtis da Ben Elton ne suka rubuta su. Atkinson bai sa hannu a rubutun ba. Zangon da ya rubuta tare da Curtis shi ne na 1983, kuma shi ne kowa ya yarda ya fi rauni. Mista Bin kuwa nasa ne tun daga tushe. Tun yana karatun digiri na biyu a Oxford ya fara ƙera halittar nan.

Malamin Adabi: A'a, zangon 1983 hujjata ce, ba taka ba. Me ya raunana shi? A can Atkinson ya fito a matsayin yarima wawa, matsoraci, mai ƙaramar murya da yamutsa fuska, wato ƙanin Mista Bin ne sanye da kayan sarauta. An kashe kuɗi mai yawa, dawaki da dakaru da ɗaukar hoto a fadar Alnwick, dariya ta yi ƙaranci, har BBC ta yi jan ƙafa kafin ta yarda a ci gaba. Da aka dawo a 1986 sai aka juya abin: aka rage kuɗi, aka koma cikin ɗakin ɗaukar shiri, aka mai da Blackadder mai wayo, aka ɗora wautar a kan baransa Baldrick, wanda Tony Robinson ya fito a matsayinsa. Ranar da Atkinson ya daina yamutsa fuska ya fara magana, ranar shirin ya tashi. Kyautar BAFTA (lambar yabon fim da talabijin ta Birtaniya) ta 1990 a kan zango na huɗu ya karɓe ta. Kuma ku lura, mutumin nan yana da in'ina tun yarinta. Harafin B yana ba shi wahala, sai ya koyi cika kumatu ya fashe da shi da ƙarfi, har ya zama faɗin sunan Bob kaɗai yana sa ɗaki ya fashe da dariya. Mai in'ina da ya mai da lalurarsa makami, a ce duniya ta san shi a matsayin bebe? Wannan ai asara ce.

Ɗan Kallo: Malamai ku yi mini afuwa. Kashi nawa ne Mista Bin gaba ɗaya? Na ɗauka ya kai ɗari. Kuma gaskiya ne ya musulunta?

Injiniya: Ƙanena, 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995, kowanne kusan minti 25. Duka bai wuce awa shida da 'yan mintoci ba. Maimaitawa ce ta sa kake ganin yawa, sai kuma na zane da aka fara a 2002, wanda ya sa wa murya. Maganar musulunta jita-jita ce ta intanet, irin wadda ake yawan yaɗawa cewa ya mutu.

Malam, bari in sa baki ta ɓangarena. An haifi Atkinson a Consett, arewa maso gabashin Ingila, a 1955, ya karanta injiniyan lantarki a Newcastle kafin Oxford, kuma ana ganin hakan a aikin. Mista Bin ba wawa ba ne. Mutum ne da yake warware matsala daidai bisa ƙa'ida amma ya manta akwai sauran mutane a duniya. Dubi inda ya sayo kujerar kushin ta ƙi shiga 'yar Mini ɗinsa. Ya ɗaure ta a kan rufin, ya hau, igiya tana juya sitiyari, sandar goge ƙasa tana taka totur da birki, bulo a ɗaure da zare yana tare taya. Abin yana aiki! Inda ya lalace shi ne wuri ɗaya tak: kan sandar ya cire a gangare, babu abin taka birki. Duk injiniya ya san wannan, tsarin da ya rataya a kan abu guda ba shi da madadi. Haka ma abincin da ya haɗa a kan benci: almakashi ya yanka burodi, katin banki ya shafa bota, safa ta tsane ruwan latas, takalmi ya daka masoro. Kowane kayan aiki ya yi abin da aka sa shi. Atishawa ɗaya ta watsar da komai.

Hajiya Mai Dandali: Ku duka kun tsaya a kan shiri biyu kamar su kaɗai ya yi. Ni inda nake ganin Malam yana da gaskiya shi ne a abin da ya faru bayan nan. A 2016 da 2017 ITV ta ba shi matsayin Maigret, jami'in binciken nan na birnin Paris da Georges Simenon ya ƙirƙira, fim huɗu, a Budapest aka ɗauka. Babu barkwanci ko kaɗan. Ya danne fuskarsa ƙwarai don kada a hango Bin, har ya wuce gona da iri: ido a ƙasa, murya ciki-ciki, lofe a baki. Mai kallo yana zaune yana jiran ya yi wani abin dariya, shi kuma yana fama kada ya motsa gira. Wannan shi ne kuɗin da ya biya. Hugh Laurie, abokin wasansa a Blackadder, ya tafi Amurka ya zama likita a shirin House daga 2004, aka karɓe shi, don fuskarsa ba ta riga ta zama tambari ba. A dandali kuwa abin bai dame shi haka ba. Ya fito a matsayin Fagin a wasan Oliver! a Landan a 2009, ya fito a matsayin Quartermaine a wasan Quartermaine's Terms a 2013.

Mai Tace Hoto: Hajiya, wannan na karɓa. Amma ki duba inda Bin ɗin kansa yake lalacewa, zai nuna miki cewa shirun shi ne jarin. Fim ɗin 1997, wanda Mel Smith ya ba da umarni, ya kai shi Los Angeles, ya haɗa shi da wani iyali, ya sa shi jawabi a gaban jama'a, ya nemi a tausaya masa. Kuɗi kam ya kawo, sama da dala miliyan 250. Amma halittar an ƙera ta ne don wasan minti bakwai ko takwas. Ka ja ta zuwa awa ɗaya da rabi, dole ka ba ta zuciya mai kyau, alhali asalin Bin mugun son kai gare shi. Mutumin da yake ture 'yar motar nan shuɗiya mai ƙafa uku daga hanya ba tare da ya waiga ba. A 2007 suka gyara: suka kai shi Faransa inda ba ya jin harshen, sai shirun ya sami dalili. Dabarar ba sabuwa ba ce a wurinsa. Tun 1987 a bikin barkwanci na Montreal ya nemi a sa shi gaban masu jin Faransanci, don ya gwada ko abin zai tsaya ba tare da Turanci ba. Jacques Tati, ɗan wasan barkwancin Faransa, shi ne madubinsa a wannan. Mu ma shaida ne: fim ɗin Indiya sai an yi masa fassara kafin ya shiga gidaje da yawa, Mista Bin kuwa kaka da jika suna zama su kalla babu tafinta.

Malamin Adabi: Yawan masu kallo ba shi ne ingancin aiki ba, ɗan'uwa. Ka kalli kashin 1987 inda Samuel Johnson, wanda Robbie Coltrane ya fito a matsayinsa, ya zo yana alfahari cewa ƙamusunsa ya tattara kowace kalma ta Turanci, Blackadder kuma ya riƙa ƙirƙiro kalmomin ƙarya yana jefa masa cikin fara'a. Fuska ba ta motsa ba. Murya kaɗai ta yi aikin.

Mai Tace Hoto: Na san shi, yana da kyau. To amma wane wuri ne aka fi tunawa a Blackadder gaba ɗaya? Ƙarshen zango na huɗu, Nuwamba 1989, inda suka fito daga ramin yaƙin duniya na farko suka nufi harsashi. Hoton da aka ɗauka bai yi kyau ba, lokacin ɗakin ɗaukar shiri ya ƙure. A teburin tacewa aka ceto shi: aka rage gudun hoton da na sautin, aka bar fiyano yana tafiya a hankali, filin yaƙin ya narke ya zama gonar jajayen furanni. Bayan sun fito daga ramin babu wanda ya ƙara cewa uffan.

Malamin Adabi: Shirun nan ya yi nauyi ne saboda kashi shida aka yi ana jin bakinsa yana neman hanyar tsira daga ramin. A Olamfik ta Landan a 2012, gaban duniya, me aka ba shi? Maɓalli ɗaya na fiyanon lantarki ya yi ta dannawa, yana duba agogo, yana neman abin share hanci.

Injiniya: Da lema ya ƙarasa danna shi, Malam, don hannunsa bai kai jakar ba. Kuma bai kuskure bugu ko ɗaya ba.