Shawarwari kan maida komik ɗin jarumai zuwa fim

Ga abin da na tsinta a hirarmu da masu zane da 'yan fim a majalisarmu ta Tudun Wada kan komik, wato labarin da ake bayarwa da zane-zane a takarda. Kowa ya yarda kar ka ce sai ka cusa komai. Superman tun 1938 ake buga labarinsa, Spider-Man tun 1962, to ta yaya za ka zuba wannan duka cikin awa biyu? Ka kama zare ɗaya ka bi, masoya dama sai sun yi ƙorafi.

Inda aka fi daɗewa shi ne tunanin jarumi, a takarda ana rubuta abin da ke ransa cikin ɗan akwati a gefen zane, a fim kuwa fuska da ido ne za su faɗa, ga shi abin rufe fuska yana cinye rabin wasan, shi ya sa aka ce a nemo ɗan wasan da muryarsa da tafiyarsa ke magana. Kaya ma a rage musu kala, abin da ya yi kyau a zane yakan zama abin dariya gaban kyamara.

Mu da kuɗinmu kaɗan ne, a rage aikin kwamfuta, a zuba kuɗin a sauti da haske. Ni dai wallahi Sarauniya Amina nake so a fara da ita.