Me mabiya Katolika za su sa rai da shi daga Paparoma Leo kan cin zarafin yara?

Ɗan Zonkwa ya rubuta:

Gaisuwa ga 'yan'uwa baki ɗaya. Tun da aka zaɓi Kadinal Robert Prevost a ranar 8 ga Mayu 2025 ya zama Paparoma Leo na 14, mutane ke cewa shi ne zai ƙarasa gyaran da magabatansa suka fara game da limaman da suka yi lalata da yara da kuma bishop-bishop ɗin da suka rufa musu asiri. Hujjarsu ita ce masanin dokokin ikilisiya ne, ya riƙe dayosis (yankin da bishop ke kula da shi) ɗin Chiclayo a ƙasar Peru, kuma daga 2023 shi ne ya shugabanci ofishin da ke tantance waɗanda za a naɗa bishop. Abin da nake tambaya shi ne, da wane ma'auni za mu gane cewa an yi gyara na gaskiya, alhali an riga an yi dokoki, an kafa kwamitoci, an kuma nemi gafara ba sau ɗaya ba?

Malamin Tarihi, Jos, ya amsa:

Ɗan'uwa, a ganina ma'aunin guda ɗaya ne, wato abin da ke samun bishop ɗin da ya ɓoye laifi. Hukunta limamin da aka kama ya daɗe da zama abin da kowa ya yarda da shi. Inda ikilisiya ke jan ƙafa shi ne kan wanda ya ji koke, ya ɗauke mai laifin daga wannan majami'a ya kai shi wata, inda ya tarar da sababbin yara.

Dubi abin da ya faru a Boston. Bayan jaridar Boston Globe ta tona asirin wannan ɗabi'a a 2002, Kadinal Bernard Law ya yi murabus a ƙarshen shekarar, amma a 2004 sai ga shi a Roma an ba shi kula da ɗaya daga cikin manyan majami'un birnin. Iyayen yaran da aka cuta sun fahimci saƙon sarai.

Darasin da ya fi girma kuwa na Chile ne. A Janairun 2018 Paparoma Francis ya ziyarci ƙasar, ya tsaya a gaban 'yan jarida ya kare Bishop Juan Barros, wanda ake zargi da sanin ta'asar limami Fernando Karadima, har ya kira zargin ƙazafi. Da surutu ya yi yawa, ya aika Akbishop Charles Scicluna ya zauna da waɗanda aka cuta ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Rahoton da ya dawo da shi ya sa Paparoma ya nemi gafara a rubuce, ya kira bishop-bishop ɗin Chile zuwa Roma, kuma a watan Mayu dukansu suka miƙa takardun murabus. Abin lura a nan shi ne, labarin gaskiya bai isa kunnen Paparoma ta hannun bishop-bishop ɗinsa ba, sai da ya zagaye su. Bayan haka ne aka tuɓe tsohon Kadinal Theodore McCarrick na Amurka daga limanci saboda laifin lalata a Fabrairun 2019, aka kuma fitar da dokar Vos estis lux mundi a Mayun shekarar, wadda ta tsara yadda za a binciki bishop. Sai dai dokar ta ɗora binciken a hannun akbishop na yankin, wato abokin aikinsa, kuma sau da yawa akan sanar da murabus ɗin bishop ba tare da an faɗi dalili ba. Abin da nake jira daga Paparoma Leo shi ne a riƙa faɗin dalilin a fili.

Baba Katikis ya amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina ganin muna ɗora wa mutum ɗaya kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Mabiya Katolika sun kai kimanin biliyan 1.4, bishop-bishop sun haura 5,000, kuma duk wanda ke riƙe da dayosis a cikinsu yana da cikakken iko a dayosis ɗinsa. Paparoma ba zai san abin da ke faruwa a ɗakin canza kaya na wata majami'ar ƙauye ba.

Ya kamata kuma a yi adalci ga abin da aka riga aka yi. Paparoma Benedict ne ya dakatar da limami Marcial Maciel na Mexico, wanda ake zargi da lalata da yara, daga hidima a bainar jama'a a 2006, bayan shekaru ana kare shi. An kafa kwamitin kare yara na fadar Vatican a 2014, an kuma cire dokar sirri daga irin waɗannan shari'o'i a Disambar 2019. Na san Marie Collins ta ƙasar Ireland, wadda ita kanta an cuce ta tana yarinya, ta bar kwamitin a 2017 saboda turjiyar wasu ofisoshin fadar, kuma ban raina wannan ba. Amma dokar da aka rubuta a Roma ba ta aiki da kanta a Kaduna ko Yola.

Maman Talatu ta amsa:

Baba, da girmamawa, wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce ta sa nake ganin nauyin yana komawa kan Paparoma, domin shi ne ke naɗa bishop, shi ne kuma kaɗai ke iya cire shi.

Akwai wani tunani da ya kamata mu rabu da shi, wai wannan matsalar Turawa ce. A taron da aka yi a Vatican a Fabrairun 2019, wanda ya haɗa shugabannin majalisun bishop-bishop na duniya, 'yar Najeriya ce, Sista Veronica Openibo, ta tsaya a gabansu ta ƙaryata wannan tunanin, ta kuma soki al'adar yin shiru. Alƙaluman da muke ji daga waje, kamar yara sama da 1,000 a rahoton jihar Pennsylvania na 2018, ko ƙiyasin mutum 216,000 a rahoton Faransa na 2021, sun fito ne saboda an tsaya an bincika. Rashin irin wannan rahoto a wurinmu ba shaida ba ce ta tsarki.

Kowa a nan ya san yadda irin wannan magana takan mutu. Yarinya ta gaya wa uwarta, uwa ta je wurin shugabar zumuntar mata, daga nan dattawa su zo gida da dare, su zauna a tabarma su ce a yi haƙuri, kada a ba wa ikilisiya kunya a idon maƙwabta, kada kuma a ɓata wa yarinyar suna ta rasa mijin aure. Idan limamin ne ke biya wa ƙanenta kuɗin makaranta, to magana ta ƙare tun ba a fara ba. Ni abin da nake so shi ne kowace dayosis ta samu ofishin karɓar koke da ke hannun mutanen da ba limamai ba, har da mata, a kuma liƙa lambar wayarsa a ƙofar majami'a. Dokar Vos estis ta 2019 ta riga ta wajabta samar da hanyar kai koke; a tambayi kowane bishop ina tasa take.

Ɗan Zonkwa ya ƙara da cewa:

Na gode muku. Akwai gurbi ɗaya da ba a taɓo ba. Dokar Vos estis ta wajabta wa limami da sista su kai rahoto ga hukumar ikilisiya, amma ba ta wajabta kai shi ga 'yan sanda a ko'ina ba, sai dai ta ce a bi dokar kowace ƙasa. Fadar Vatican takan ce akwai ƙasashen da ake tsananta wa Kirista, inda irin wannan umarni zai iya zama makami a hannun masu ƙiyayya. Na fahimci wannan, amma lalata da yaro laifi ne a dokar Najeriya, kuma ban ga abin da zai hana bishop-bishop ɗinmu su ɗauki wannan alkawari da kansu ba. Malam, shin akwai abin da ke hana majalisar bishop-bishop ta wata ƙasa ta tsaurara wa kanta fiye da abin da Roma ta tanada, kamar yadda ta Amurka ta yi a Dallas a 2002?