Neman shawara: waƙoƙin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun tsaya mini a wuya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a Birmingham, shekara uku ke nan da zuwanmu daga Kano. A bana zan rubuta jarrabawar A-level ta adabin Turanci, ɓangaren Yaƙin Duniya na Ɗaya: waƙoƙin Wilfred Owen da Siegfried Sassoon, da littafin Regeneration na Pat Barker. Tarihin kam na haddace shi tsaf, tun daga 1914 har 1918. Amma gwajin makon jiya ya dawo da maki kaɗan, malamarmu ta rubuta da jan biro a gefen takarda cewa tarihi nake ba ta, ba nazari ba. Wallahi sai da na yi hawaye a cikin bas. Don Allah ta ina zan fara gyara?

Wani malamin adabi: Wa alaikumus salam, 'yata. Gaskiya malamarki ta faɗa miki. Mai duba takarda ya san an kashe sojojin Birtaniya sama da 19,000 a ranar farko ta yaƙin Somme da ke Faransa a 1916, ba ya bukatar ki tuna masa. Abin da yake nema shi ne yadda mawaƙin ya sa kika ji abin a jikinki. Buɗe "Dulce et Decorum Est". Tun layin farko Owen ya kwatanta sojoji da tsofaffin mabarata da buhu ya tanƙwara wa baya. Samari ne fa, waɗanda aka raka tashar jirgi da kiɗa. Me ya sa ya mai da su tsofaffi? Tsaya a nan ki rubuta sakin layi guda. Sannan ki lura yadda tafiyar waƙar take jan ƙafa kamar su, har sai iskar guba ta faɗo, kalmomin suka rikice da gaggawa. Sunan waƙar daga Horace ya ɗauko shi, mawaƙin Rum da ya ce mutuwa don ƙasa abu ne mai daɗi da dacewa. Owen ya kira wannan tsohuwar ƙarya. Tarihi gishiri ne, ɗan kaɗan ake barbaɗawa.

Wata da ta yi jarrabawar a baya: Ƙanwata, ki riƙa karanta su da ƙarfi a ɗaki, da kunne ake kama waƙa. Kuma kada ki raba littafin da waƙoƙin. Asibitin Craiglockhart na Edinburgh da Barker ta kafa labarinta a kai, can Owen da Sassoon suka haɗu da gaske a 1917, can Sassoon ya taya shi gyara "Anthem for Doomed Youth", wadda ta ce samari na mutuwa kamar shanu. Sai dai ki tuna Barker a 1991 ta fitar da nata, ba ta ga yaƙin ba. Wannan tazarar tana kawo maki sosai a tambayar kwatanci.

Wani dattijo: Jikata, kin taso kina jin kirari, ai kin riga 'yan ajinku. Karanta "The Soldier" ta Rupert Brooke, za ki ji kirarin ƙasa ne zalla. Shi ciwo ya kashe shi a 1915 a hanyar zuwa fagen yaƙin Gallipoli da ke Turkiyya, bai ga ramukan da sojoji suka fake a ciki a Somme ba. Owen ya kwana a cikin ramuka da taɓo, aka kashe shi ranar 4 ga Nuwamba 1918, saura mako guda a tsagaita wuta. Ajiye su gefe da gefe ki ji bambancin muryar.

Mai tambaya: Na gode Malam, na gode Anti, Baba Allah ya ƙara girma. Yau bayan isha'i zan zauna da layin mabaratan nan. In na rubuta sakin layin, Malam zai duba mini?

Malamin adabi: Turo shi. Kada ya wuce layi goma, kuma kada in ga shekara ko ɗaya a ciki.